Bishiya Taka, Katanga Ta Maƙwabci: Hukuncin Ɓarnar Saiwa da Rassa a Shari'a da Dokar Ƙasa

(Jawabin da aka gabatar a zaman ilmantarwa na babban taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)

 

Shugaban taro, wakilan Masu Martaba sarakunanmu, hakimai da dagatai, malamanmu, shugabannin rassan ƙungiya da suka taso daga Gusau da Sakkwato da Kano da Kaduna da Abuja da Legas, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata 'yan asalin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi.

Gabatarwa

Mun san da yawa daga cikin mahalarta sun zaci zaman yau zai tsaya a kan tsaro ko hanyoyi ko makarantu, kuma haƙƙi ne su zaci haka, domin su ne manyan abubuwan da suka dame mu. An ware musu lokacinsu a jadawalin taro. Abin da aka ɗora mana shi ne mu yi bayani a kan wata matsala da ake rainawa, alhali tana raba zumunci a unguwanninmu, wato bishiyar da aka dasa a wannan gida, saiwarta ko reshenta ya je ya yi ɓarna a wancan gida. Wa zai gyara katangar da ta tsage? Wa zai biya idan ɗaki ya zube? Ko mai katanga yana da ikon ɗaukar gatari ya sare abin da ya shigo masa?

Maganar ta shafe mu mazauna birane ta fuska biyu. Mafi yawanmu muna da gida ko fili a inda muke neman abinci, muna kuma da gidan gado ko sabon gini a gida, wanda ba ma leƙa shi sai da salla ko biki ko rasuwa. Bishiyar da ke tsakar wannan gida ba ta daina girma don mai ita ya yi nisa. Bugu da ƙari, garuruwanmu sun cika. Tun da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929 garin yake jawo baƙi, sannan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983 ta ƙara masa jama'a. Shinkafi tana da babbar kasuwarta ta Alhamis. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya koro dubban 'yan'uwanmu daga ƙauyuka zuwa cikin garuruwan nan uku. Filin da a da yake garka ko turken dabbobi yanzu ɗakuna ne. Gidan da yake na mutum ɗaya an raba shi ga magada, an ja katanga a tsakani, wani lokaci a gindin tsamiyar da kakanni suka dasa.

Yadda Bishiya Take Yin Ɓarna

Kafin mu shiga hukunci, ya kyautu mu fahimci yadda abin yake faruwa, domin alƙali ba ya yanke hukunci a kan zato. Mutane da yawa suna ɗauka saiwa ƙasa take nutsawa kamar yadda bishiya take miƙewa sama. Masana gandun daji sun nuna cewa akasarin saiwoyin bishiya suna cikin ƙafa biyu zuwa uku na saman ƙasa, inda iska da danshi suke, kuma suna bazuwa su wuce iyakar inuwar bishiyar da nisa. Ke nan bishiyar da inuwarta ta tsaya a kan katanga, saiwarta ta daɗe da shiga gidan maƙwabci.

Ɓarnar takan zo ta hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce turi. Saiwa tana kauri shekara bayan shekara, sai ta ɗaga abin da ba shi da nauyi sosai, kamar katangar bulo mai gajeren harsashi, ko daɓen siminti, ko dakali. Wannan ya fi faruwa kusa da gindin bishiya. Ta biyu ita ce shanye danshi. Ƙasar laka, irin ta fadamun Gulbin Gagare da Bunsuru, tana kumbura da damina, ta tsuke da rani. Idan babbar bishiya ta shanye danshin gefe ɗaya na gini, sai wannan gefen ya zauna, bango ya dare. Ƙasar jigawa ba ta da wannan hali, shi ya sa bishiya iri ɗaya za ta yi ɓarna a wata unguwa, ta zauna lafiya a wata. Ta uku ita ce bin ruwa: saiwa tana shiga salga da sokawe da magudanar ruwa da bakin rijiya. Galibi ba ita take fasa lafiyayyen bututu ba, kafa take samu ta shiga, ta cika shi. Ashe ba ƙadangare kaɗai yake jiran bango ya tsage ba. Ta huɗu kuwa aikin rassa ce: reshe yana gugar katangar ƙasa idan ana iska, yana ɗiga mata ruwa a wuri ɗaya har ta zaizaye, ganye yana toshe indararo, ga kuma reshen da iskar farkon damina take karyowa a kan rufin kwano.

Itatuwa ba halinsu ɗaya ba. Dangin ɓaure, wato cediya da durumi da gamji, sun yi suna wajen baza saiwa. Dogon yaro, wanda wasu suke kira darbejiya ko bedi, shi ya fi yawa a ƙofar gidajenmu. Asalinsa daga yankin Indiya ne, an shigo da shi Nijeriya a 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno, ya bazu saboda jure fari da saurin girma. Wannan saurin girman shi ne yake yaudarar mai dashe, domin ɗan tsiron da aka kafa taku biyu daga katanga, kafin yaron da aka haifa a shekarar ya gama firamare ya zama ƙaton icce.

Ya kamata mu lura cewa ba kowace tsaga ce laifin bishiya ba. Harsashi marar zurfi, bulo mai ƙarancin siminti, gara, da ruwan da yake kwanciya a gindin bango duk suna tsaga gini. Wanda yake da'awa shi zai tabbatar da cewa saiwa ce sanadi.

Hukuncin Shari'ar Musulunci

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, kotunan Shari'a ne mafi kusa da talakan Jihar Zamfara, kuma da mazhabar Malikiyya suke hukunci. Malaman wannan mazhaba sun daɗe da warware matsalar bishiya da bango. Tushen hukuncin shi ne hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma daga gare shi malamai suka fitar da ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Akwai kuma ƙa'idar cewa wanda ya mallaki ƙasa ya mallaki sararin da ke samanta da abin da ke ƙarƙashinta. Saboda haka reshen da ya tsallaka ta sama da saiwar da ta ratsa ta ƙasa duk sun shiga haƙƙin wani.

Littattafan da alƙalanmu suka fi dogaro da su sun yi magana a kan wannan kai tsaye. Muhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya kawo shi a cikin hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus wanda ya rasu a 1426, ta ware fasali guda a kan cutarwar itatuwa. Taƙaitaccen abin da suka tsayar shi ne kamar haka.

Idan bango ya riga bishiya, wato an yi gini sannan aka zo aka dasa icce kusa da shi, to za a hukunta wa mai bishiya ya sare duk abin da yake cutar da bangon. Babu saɓani a nan.

Idan kuwa bishiya ce ta riga bango, malamai sun kasu biyu. Ibnul Majishun yana ganin ba za a sare ba, domin mai gini shi ya zo ya tarar da ita, ya kuma san za ta ƙara girma, shi ya shiga haraminta. Muɗarrif da waɗanda suka bi shi suna ganin za a sare abin da ya cutar, domin daɗewar bishiya ba ta halatta cuta. Shaihu Halil ya ambaci ra'ayoyin biyu, Ibnu Asim ya ce na barin bishiya shi ya fi shahara, shi kuwa Shaihu Dardir, wanda ya rasu a 1786, ya rinjayar da na sarewa. Wannan saɓani yana da muhimmanci ga magada. Wanda rabonsa ya faɗo kusa da tsohuwar kuka ko tsamiya, ya je ya manna mata ɗaki, kada ya ɗauka nasara tasa ce tun kafin a zauna. Haka shi ma mai tsohuwar bishiya kada ya ce ai ta girmi kowa a unguwa, don haka ba mai taɓa ta.

A lura kuma, abin da ake sarewa shi ne ɓangaren da ya cutar ko ya tsallaka iyaka. Ba a tumɓuke bishiya gaba ɗaya matuƙar sassabe zai wadatar. Bishiyar da ta tsaya a cikin haddin mai ita, maƙwabci ba shi da ta cewa a kan tsawonta ko faɗinta. Kare rana ko haske ko iska kaɗai bai isa dalilin sarewa ba a mashahurin zance, sai dai an togace masussuka, saboda shiƙa ba ta yiwuwa sai da iska. Har ila yau, wanda zai hau bishiyarsa don tsinkar 'ya'ya ko sassabe, idan tana leƙa gidan wani, wajibi ne ya sanar tukuna domin iyali su kimtsa. Ga masu mangwaro da dabino da giginya a cikin gari, wannan hukunci ne na yau da kullum.

Sai batun biyan abin da ya riga ya lalace. Malikiyya sun yi bayanin lamuni a kan bangon da ya karkata ya faɗa wa mutum ko dukiya. Sun sa sharuɗɗa uku: bangon ya karkata, an gargaɗi mai shi a gaban shaidu, kuma ya sami lokacin da zai iya gyarawa amma ya yi sakaci. Wannan shi ne ma'auni mafi kusa da alƙali zai duba idan bishiya ce ta yi ɓarnar. Darasin a fili yake: gargaɗi a gaban shaidu shi ne mabuɗin diyya. Wanda ya ga saiwa tana ɗaga masa daɓe, ya yi shiru don kunya, ya raunana hujjarsa da kansa.

Shiru yana da wani hatsarin. Tuhfa ta kawo cewa wanda yake nan a gari, yana ganin an ƙago masa cuta, ya yi shekara goma bai yi magana ba ba tare da uzuri ba, to da'awarsa tana iya faɗuwa. Wannan shi ne hauzi, wanda muka fi saninsa a rigimar gona. Wasu malamai sun togace cutar da take ƙaruwa da tafiyar zamani, irin ta salga da majema, kuma wanda ba ya gari hukuncinsa daban ne. Duk da haka bai kamata mutum ya jingina haƙƙinsa a kan togaciya ba. Mu da muke zuwa gida kowace salla, muna ganin tsagar muna wucewa, da wuya mu ce ba mu sani ba.

Abu Dawuda ya ruwaito labarin sahabi Samura ɗan Jundubu, wanda yake da itatuwan dabino a cikin garkar wani mutumin Madina, shigarsa kuma tana takura wa iyalin mai garka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi ya sayar, ya ƙi. Ya nemi ya karɓi musanya, ya ƙi. Ya kwaɗaitar da shi ya bayar kyauta don lada, ya ƙi. Daga nan ne ya ba mai garka umarnin tumɓuke dabinon. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma malaman fiƙihu sun daɗe suna kafa misali da shi. Abin lura shi ne jerin matakan: ciniki, musanya, kyauta, sannan gatari a ƙarshe. Labarin ya kuma yi daidai da al'adarmu, inda ake samun ɗorawa ko tsamiya ta wani a cikin gonar wani.

Abin da Dokar Ƙasa Ta Tanada

Wanda gidansa yake Abuja ko Legas ko Fatakwal, ko maƙwabcinsa ba Musulmi ba ne, ko aka kai ƙararsa babbar kotun jiha, zai tarar da dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila. A wannan doka, saiwa ko reshen da ya shiga filin wani ya yi ɓarna yana cikin babin takura wa maƙwabci, ƙara ce ta neman haƙƙi. Hukunce-hukuncen kotunan Ingila na wannan zamani ba dole ne a kan alƙalan Nijeriya ba, amma lauyoyi suna kafa hujja da su, kotuna kuma suna ba su nauyi.

A shari'ar Lemmon da Webb ta 1894, kotun ƙolin Birtaniya ta wancan zamani ta tabbatar da cewa mutum yana iya sare reshen da ya tsallako masa, daidai kan iyaka, ba tare da ya taka filin mai bishiya ba. Wata shari'a ta 1919, ta Mills da Brooker, ta nuna cewa 'ya'yan itacen da suke kan reshen da ya tsallako na mai bishiya ne. Wato kana da ikon kawar da reshen, ba ka da ikon kai mangwaron kasuwa.

Shari'ar da ta fi shahara a kan saiwa ita ce ta Delaware Mansions da Majalisar Birnin Westminster, wadda aka yanke a 2001. Wata bishiya ce ta hukuma a bakin titi a unguwar Maida Vale ta Landan, saiwarta ta shanye danshin lakar da ke ƙarƙashin wasu gidajen bene, bango ya fara tsagewa a 1989. Aka sanar da hukuma, aka nemi ta sare, ta ƙi. Da an sare a lokacin, gyaran ginin bai wuce kimanin fam 14,000 ba. Da aka bar ta, sai da masu ginin suka kashe sama da fam 570,000 wajen ƙarfafa harsashi, kotu kuma ta ce hukuma ta biya. Kotun ta kafa hukuncinta a kan cewa mai bishiya ya sani ko ya kamata ya sani, an ba shi dama ya kawar da cutar, bai yi ba. Ta kuma yarda cewa kamfanin da ya sayi ginin bayan tsagewar ta bayyana yana da ikon neman kuɗin gyara, domin cuta ce mai ci gaba.

Hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun daidaita ma'aunin. A 2012, a shari'ar Berent, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta nuna cewa kasancewar bishiya kusa da gini kaɗai bai isa ba, sai an nuna akwai hatsari na haƙiƙa da mai hankali zai hango. A wata shari'ar ta 2013, an ba masu gida diyya, amma aka rage kashi 15 cikin ɗari saboda ba su sanar da maƙwabciyarsu abin da suke gani ba.

Idan muka jera wannan da abin da malamanmu suka rubuta ɗaruruwan shekaru kafin haka, za mu ga hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya: a tabbatar da sanadi, a sanar da mai bishiya, a ba shi lokaci, sannan alhaki ya hau kansa idan ya yi biris.

Sai dai a yi hattara da ɗaukar doka a hannu. Kotun Ƙolin Nijeriya ta yi kakkausan suka a kan wannan hali a shari'ar Gwamnan Jihar Legas da Ojukwu a 1986, inda ta nuna ko gwamnati ba ta da wannan dama. Wanda ya haura gidan maƙwabci ya sare masa icce, ko ya zuba masa guba a gindi, ya fita daga mai neman haƙƙi ya koma wanda ake tuhuma da shiga haddin wani da ɓarnata dukiya. Haka kuma wanda ya datse manyan saiwoyi ta gefensa har bishiya ta rasa madogara ta faɗa wa mutane, zai amsa tambaya. A Legas, sare bishiya ko a sassabe ta yana buƙatar izinin hukumar kula da lambuna ta jihar, wadda aka kafa da dokar 2011. Duk garin da mutum yake, ya tambayi hukumar tsara birane ko ta gandun daji kafin ya kira mai zarto, musamman idan itacen na bakin titi ne.

Ina Za a Kai Kuka?

Matakin farko shi ne baki da baki, cikin mutunci, a nuna wa maƙwabci abin da ido yake gani. Idan bai yi ba, a koma da dattawa biyu su zama shaidu, a kuma rubuta takarda mai kwanan wata. A ɗauki hoton tsagar da waya, a riƙa maimaitawa lokaci bayan lokaci don a ga ko tana ƙaruwa. A kira gogaggen magini ko injiniya ya tona gefen harsashi a gaban ɓangarorin biyu, domin saiwar da aka gani da ido ta fi dogon musu.

Mataki na biyu shi ne mai unguwa da dagaci da hakimi da limamin unguwa. Su suka san wanda ya riga wani, bishiya ko bango, kuma mun ga yadda wannan tambaya take da nauyi a fiƙihu. A birane akwai zaurukan sulhu da ke ƙarƙashin manyan kotuna: na Legas ya fara aiki a 2002, na Abuja a 2003, na Kano a 2009. Dokar sasanci da sulhu ta tarayya ta 2023 ta ƙara wa yarjejeniyar sulhu ƙarfi.

Kotu ita ce mataki na ƙarshe, kuma a nan ma sai da lura. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bambanta filin birni mai takardar gwamna da filin karkara da ke hannun ƙaramar hukuma, kuma wannan bambanci yana shafar kotun da za ta saurari ƙara idan rigimar ta koma ta iyaka ko mallaka. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, kuma manyan kotuna sun sha rushe hukunci saboda an kai rigimar fili zalla inda ba huruminta ba. Mutum yana iya yin shekaru yana shari'a, a ƙarshe a ce a koma farko. Don haka a nemi shawarar lauya kafin a shigar da ƙara. Sau da yawa kuɗin zirga-zirga daga Kaduna ko Legas zuwa zaman kotu ya ninka kuɗin buhunan simintin da za su gyara katangar.

Kada Gyara Ya Zama Ɓarna

Muna jin tsoron kada wani ya fita daga wannan zaure ya ce an ce a sare itatuwa. Yankinmu yana bakin hamada. Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman da dokar 2015. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu a Shinkafi ya san darajar inuwar dogon yaro a ƙofar gida. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi, waɗanda ƙasar Zurmi take iyaka da ƙasarsu, sun nuna abin da ake iya yi. Tun daga shekarun 1980 manoma a can suka koma rainon tohon da yake fitowa daga kututturan gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wani abin da ya taimaka shi ne manomi ya sami tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne. Mallaka kuwa tafe take da alhaki: wanda yake da inuwa da 'ya'ya, shi yake da saiwa.

Shawarwari ga 'Yan Ƙungiya

Na farko, a yi dashe da lissafi. Magina a ƙasashe masu laka suna da wani tsohon ƙiyasi, cewa tazarar babbar bishiya da gini kada ta gaza tsayin da bishiyar za ta kai idan ta girma. Filayenmu na cikin gari ba kasafai suke ba da wannan dama ba, don haka a ƙaramin gida a zaɓi ƙananan itatuwa irin su zogale da lemun tsami da gwaiba da rumman. Cediya da durumi da gamji da kuka a bar su ga dandali da makarantu da filin idi da bakin kasuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, duk mai gida a garinmu wanda ba ya zaune a ciki ya naɗa wakili sananne, ya gabatar da shi ga mai unguwa da maƙwabta, ya bar lambar wayarsa. A riƙa duba itatuwa da yi musu sassabe kafin faɗuwar damina. Masu ba da haya su fayyace a takarda wanda zai kula da itatuwan gida.

Na uku, ranar rabon gado a ambaci itatuwa da sunansu a takardar rabo: na wane ne, wa zai ci 'ya'yansu, wa zai yi sassabe. Mai sayen gida ko fili shi ma ya dubi itatuwan maƙwabta kamar yadda yake duba takardu.

Na huɗu, muna ba uwar ƙungiya shawara ta kafa ƙaramin kwamitin sulhu a kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan uku, wanda zai ƙunshi malamin fiƙihu da lauya da magini da ma'aikacin gandun daji daga cikin 'ya'yanta, ya yi aiki tare da masarautu. Haka kuma duk lokacin da ƙungiya za ta raba dashe, a haɗa da bayanin inda ya dace a kafa kowane iri.

Na biyar, idan ɓarna ta riga ta auku, a duba halin juna. Mai bishiya da Allah Ya hore masa ya gyara katangar gwauruwa ko marayu ko ɗan gudun hijira ba tare da jiran sammaci ba. Wanda aka yi wa ɓarna kuma, idan an zo masa da haƙuri da niyyar gyara, ya sassauta. Ana iya raba kuɗin aiki, ana iya haƙa rami a gina shingen kankare tsakanin saiwa da harsashi, ana iya sare tsohuwa a dasa biyu a inda ya dace.

Kammalawa

Jama'a, mun ga yadda saiwa take aikinta a ɓoye, mun ga hukuncin malaman Malikiyya da na dokar ƙasa, mun kuma ga cewa duka biyun sun rataya alhaki a kan sani da gargaɗi da sakaci. Maƙwabcin da muka bari a gida shi ne yake kai mahaifiyarmu asibiti da tsakar dare kafin mu sami mota daga birni, shi ne yake buga mana waya idan an ji motsi a bayan gari. Bai dace mu rasa shi a kan reshen dogon yaro ba. Muna roƙon kowa, idan ya isa gida a wannan zuwan, ya zagaya bayan katangarsa, ya duba, sannan ya yi wa maƙwabcinsa sallama ya tambaye shi ko akwai abin da itacensa yake yi masa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da Jihar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya. Allah Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya jiƙan magabatanmu da suka dasa itatuwan da muke shan inuwarsu, Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.